Shanun Baffa a Kan Taswira

Ingila,
14 ga Oktoba.

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Zahra'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Ni'ima. Ya ɗawainiyar koyarwa da 'yan ajinki masu surutu? Ya Inna da ciwon gwiwa? In kin je Isa ki gaishe mini da su Baba. Ni ina nan lafiya, sai sanyi da kewarku.

To, ga wasiƙar da kika matsa. Kin ce saƙon murya na duk gidan ne, don da sabis ya kawo sai kowa ya ajiye abin da yake yi ya zo jin muryar Ingila. Na sayi takarda da biro, za ni riƙa rubutawa in ɗauki hoto in turo miki. Ki karanta ke kaɗai.

Zahra'u, kallon kitse na yi wa rogo. Kin tuna littattafan talla guda uku da ejan ɗin nan na Abuja ya ba ni, muka baje su a tabarma muna zaɓen inda za ni yi digiri na biyu kan gudanar da kasuwanci? Ke kin ce Malesiya, ga masallatai ga sauƙi. Ni na kafe a kan wannan, saboda a bangon littafinta akwai shanu shida suna kiwo cikin ciyawa shar. Na ce makarantar da ta sa saniya a gaba ta san darajar dabba, can za ni koyo yadda za mu kafa wurin tattara madara a Sabon Birni. Kika yi dariya har Ni'ima ta farka. To ki ƙara wata dariyar. Makarantar hawa huɗu ce a saman wani shagon takalma, gefen tashar mota. Na tambayi matar da ke karɓar baƙi ina shanun suke, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ai hoton sayo shi suka yi.

Mu saba'in da ɗaya ne a aji, duk baƙi irina, Bature ɗaya tak, shi ma ya daina zuwa. Malami zai shigo ya haska rubutu a bango, ya karanta mana abin da muke gani da idonmu, ya duba agogo ya fita. Jiya wani ya kwashe awa biyu yana koya mana yadda ake korar ma'aikaci ba tare da an furta kalmar kora ba. Mutane na ta rubutawa suna gyaɗa kai. Ni kuwa na ajiye birona. Baffa Wakili da bai taɓa zama a benci ba, in zai sallami makiyayi sai ya haɗa shi da maraƙi, ya raka shi har bakin hanya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bajimai biyun da Baffa ya aika aka sayar a ƙetaren iyaka don wannan karatu. Gari ya ɗauka wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyina, ni da ke ne muka san gaskiya. Mutumin nan ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, bai taɓa bambanta ni da nasa ba. Ran da zan hau mota ya kama hannuna ya ce aro na ya ba Turawa kamar saniya, in haihu musu in komo gida. Na yi dariya a lokacin, yanzu in na tuna sai in ji nauyi.

An raba mu rukuni-rukuni, kowane ya ƙirƙiro kasuwanci daga ƙasa mai tasowa, kuma wannan aikin shi ne rabin makin shekara. Na faɗa rukuni ɗaya da wani Ashraf. Ya ce asalinsu Isa, amma a Abuja aka haife shi, ya kuma tambaye ni ko Isa tana da filin jirgi. Turarensa yana riga shi shiga aji. Allah Ya sa mu rabu lafiya.

Ki shafa mini kan Ni'ima. Ki ci gaba da sa ni a addu'a.

Naki har kullum,
Kalilu.

Ingila,
20 ga Janairu.

Zahra'una,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau da kyau, tare da fatan kuna lafiya. Na ga hoton Ni'ima da haƙoranta biyu, na nuna wa duk wanda ya tsaya kusa da ni. Ya jikin Inna? Ya mutanen unguwa?

Yau dai da labari mai daɗi na zo, ko da yake daɗin da ɗan ɗaci. Mun yi mako uku rukuninmu bai samo komai ba. Ashraf ya kawo shawarar sayar da ruwan roba mai ƙamshi, malamar da ke kula da rukuninmu ta yamutsa fuska. Rannan sai na ba su labarin haɓɓanaye don kawai a daina kallon juna. Na ce a wurinmu in mutum ya rasa dabbobinsa, ɗan'uwa ko maƙwabci yakan ɗaura masa karsana. Ya kiwata ta, ya sha nononta, ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Ba takarda, ba shaida, ba a biyan komai. Malamar ta miƙe tsaye, ta ce shekara goma tana neman irin wannan. Amma ta ce labari ba ya cin maki, sai da alƙaluma: shanu nawa, gida nawa, a ina.

Kin san Baffa. Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa a gaban mutane, balle shi. Tun da ɓarayin daji suka kore garkensa shekara biyu da suka wuce, duk wanda ya tambaye shi dabbobi a kasuwa amsa ɗaya yake bayarwa: shanun mi, ai sun ƙare. Ke ma kin ɗauka bajiman nan biyu su ne na ƙarshe. To ba su ba ne. Waɗanda ɗansa Fatihu ya kai mashaya ran da aka kawo harin sun tsira, sai Baffa ya rarraba su gida goma sha ɗaya da sunan haɓɓanaye. Talakawa suna shan nono, shi kuma ba wanda ya san yana da ko kofato.

Sau huɗu ina kiran sa yana zillewa. A na biyar na ce masa jarrabawa ce, malama ɗaya za ta gani ta sa maki a rufe a ajiye. Na rantse masa. Sannan ya fara. Bai faɗi adadi ba ko sau ɗaya, sunayensu ya riƙa kira kamar mai lissafa 'ya'yansa. Fure tana Tozai wajen Habi, matar nan da aka kashe mijinta a gona, da nononta take riƙe da marayu huɗu. Wule da 'yarta suna Kurawa wajen Amiru. Saye tana gun Isah. Haka har ya gama, muryarsa ta yi taushi, ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawo haka ba. Ni kuwa ina nan ina mayar da su lamba a kwamfuta. Na zana taswira, kowane gida da jan ɗigo.

Akwai wata takarda da suka ce sai wanda aka yi hira da shi ya sa hannu, alamar ya yarda. Ina Baffa ina takardar Ingila? Ashraf ya ce kowa da kansa yake sa wa. Na rubuta Wakili da ajami da hannun hagu, malamar ta ce rubutun ya burge ta.

Mun fi kowa maki. Amma ki ji abin da suka mayar da shi. Ashraf ya tsara manhajar waya, mai kuɗi yana zaune a Landan ya sayi saniya, a ɗaura wa talaka, in ta haihu maraƙi biyu na mai kuɗi ne, ɗaya na talaka, in ta mutu talaka ya biya. Na ce wannan ai ba haɓɓanaye ba ne, bauta ce da igiya sabuwa. Suka ce ban fahimci kasuwanci ba. Abin da kakanninmu suka yi don kada maƙwabci ya kwana da yunwa, shi suka ɗora a faranti suna tafawa. Tir! Na haɗiye dai, tunda saura wata biyar in karɓi takardata.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki mai kewarki,
Kalilu.

Ingila,
11 ga Maris.

Zahra'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Ni'ima da Inna. Ki yi haƙuri, gaisuwar yau gajeriya ce.

Faɗan da kika yi mini ya same ni, kuma na cancanta. Kin ce wane irin mutum ne zai jera gidajen da shanun Baffa suke a takarda ya turo ta waya, a garin da mai kai wa ɓarayi labari yake iya zama sahu ɗaya da kai a masallaci. Kin goge wasiƙar, kin kyauta. Na ji haushinki kwana biyu. Ashe ƙaramar ɓarnar kika gani.

Makaranta ta zaɓi aikinmu don gasar da ake yi tsakanin makarantu. Sun haɗa bidiyo na minti uku. Jiya aka nuna mana. Zahra'u, fuskar Baffa ce ta fara fitowa, hoton nan da na ɗauke shi ran sunan Ni'ima, Ashraf ya karɓa a wayata tun tuni wai don ya ga irin rawaninmu. An sa wani kiɗa mai ban tausayi, wata murya tana cewa ga dattijon da ya yi wa 'yan bindiga wayo. Sai taswirata ta bayyana, ɗigo goma sha ɗaya, da sunan kowane ƙauye da adadin shanunsa. Ranar Juma'a za su sa a shafin makaranta, duniya ta gani.

Na je ofishin malamar. Na yi mata bayani dalla-dalla, cewa yaranmu suna bin shafin makarantar nan saboda ni, cewa kafin la'asar bidiyon zai zagaye wayoyin Sabon Birni da Isa, cewa gidajen nan ba katanga gare su ba. Ta ba ni shayi. Ta ce ta fahimci damuwata ƙwarai, kuma wannan dama ce a ji muryar al'ummata. Ta ce za su iya rage sunansa ya koma harafi ɗaya. Fuskar da taswirar kuwa su ne ƙarfin labarin. Na haura wajen shugaban sashe, ya fito da wata takarda da na sa wa hannu ran rajista, wai duk aikin ɗalibi mallakar makaranta ne. Yana magana yana murmushi, yana duba agogo. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar murmushi ba sai a ƙasar nan.

Ashraf kuma, da yake da shi aka haɗa bidiyon, ya riga ya yanki guntunsa ya sa a shafinsa tun shekaranjiya, da taswirar a ciki. Mutum ɗari huɗu sun kalla. Na tare shi a matattakala na sha kwalarsa, sai da ya goge a gabana. Ya ce ina da ƙauyanci, ɓarawon daji ina ya ga intanet. Na ce ya je Isa ya tambaya, in ya gane hanyar.

Amma kada in cika ki da laifin wasu. Ba malama ce ta kira Baffa sau biyar ba, ba Ashraf ne ya rantse masa ba. Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa, ni ne. Na ɗauki sirrin da mutum ya ɓoye wa garin da ya haife shi, na sayar a kan maki saba'in da takwas. In na kalli fuskata a madubin wanka sai in kau da kai.

Hanya ɗaya ta rage, wata ɗalibar lauya ce ta nuna mini. In na je gaban kwamitin ladabtarwa na ce sa hannun nan na ƙarya ne, Baffa bai taɓa yarda a yaɗa ba, dole su janye komai. Amma za su soke aikin, kuma da wuya su bar ni in gama. Bajiman Baffa sun tafi a banza ke nan. Na yi istihara, gobe da safe za ni shiga.

Ga abin da nake roƙonki. Ban iya faɗa masa ta waya, kuma ban yarda da wayar ba. Ranar kasuwa zai shigo Sabon Birni, ki aika a kira shi gida, ki zaunar da shi ki gaya masa komai. Kada ki gyara ni. Ki ce masa guntun ya yi kwana biyu a waje, ban san wa ya gani ba. Na san na ɗora miki abin da ni ya kamata in ɗauka, ki yafe mini.

Naki,
Kalilu.

Ingila,
19 ga Afrilu.

Zuwa ga Zahra'u, uwar Ni'ima,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da ban gajiya, ina fata kun tashi lafiya. Ya zafi? Na ji an ce bana rijiyoyi sun ja baya da wuri. Ya Inna? Allah Ya saka miki da alheri a kan abin da kika yi, Ya bar mu tare.

Na shiga gaban kwamitin kamar yadda na ce. Mutum uku ne a bayan tebur, da kwalaben ruwa. Na ce ni na sa hannun, ba Baffa ba. Ki ji ikon Allah. Kwana uku ina hawa ina sauka a benen nan ina cewa za a kashe mutane, ba wanda ya motsa. Da na ce sa hannu na jabu ne, kafin awa ɗaya an janye bidiyon, an rufe taswirar, an kira lauyan makaranta. Ran Habi da marayunta bai kai a ɗaga waya ba, amma layi ɗaya na ajami ya tayar da hawa huɗu. Na fito na tsaya gaban shagon takalman nan, na tofar da yawu, abin da ban taɓa yi a titinsu ba.

Hukunci ya fito makon jiya. An soke aikin, an sallame ni, ba digiri. Sun rubuto wasiƙa mai laushi, sun yi mini fatan alheri a mataki na gaba, ko sau ɗaya ba su ce kora ba. Na gane darasin, ai na zauna a ajinsa. Ashraf an ba shi wani aikin, zai gama a watan Yuni. Ya daina gaishe ni, wannan ita ce kyautar da na samu a makarantar.

Wasiƙarki na karanta ta ya fi sau goma. Kin ce Baffa ya saurare ki har ƙarshe bai katse ki ba, ya nemi ruwa ya sha, ya tambayi kwana nawa abin ya yi a waje, ya tashi. Kin ce cikin mako guda shi da Fatihu suka bi gidajen nan goma sha ɗaya suka kwance shanun, suka kora su wani wuri da bai faɗa wa kowa ba. Na san abin da wannan yake nufi ko da ba ki faɗa ba. Ba a karɓe saniyar haɓɓanaye kafin lokacinta, abin kunya ne da ake ba jikoki labari. Dattijon da bai taɓa komawa kan kyautarsa ba, ni na sa shi ya tsaya a ƙofar gidan matar da ba ta da miji, ya ce ta kwanto masa Fure. Kin ce Habi ba ta yi gardama ba, ta tatse ta a karo na ƙarshe, ƙaramin ɗanta ya bi su har bayan gari yana kuka. Kin ce Fure na da ciki, tafiyar rani ta yi mata yawa, ta zubar a hanya. Ba a kai hari ko gida ɗaya ba, alhamdu lillahi. Wataƙila ba wanda ya gani, wataƙila sun gani sun tarar ba komai. Ba za mu taɓa sani ba.

Saƙon da ya ba ki ya fi mari zafi. Ya ce saniyar aro in ta ƙi haihuwa a gidan mutane ba a yanka ta, gida ake maido ta, don haka in komo. Za ni komo. Na sami jirgi ranar uku ga wata mai zuwa. Don Allah kada a yi girki, kada a tara mutane. Duk wanda ya tambayi takarda ki ce ya jira ni, da bakina za ni ba shi amsa. Na sayar da rigunan sanyi da kwamfutar, ga ɗan abin da na tara a aikin wankin kwanoni. In ya kai karsana, Tozai za ni fara kai ta kafin in zauna, in bai kai ba ko akuya mai nono ce.

Jiya na yi ƙarfin hali na kira shi. Ya ɗauka, ya gaishe ni da fara'a kamar kullum. Ya tambayi sanyi, ya tambayi ko ina samun tuwo, ya ce in kula da kayana a filin jirgi. Na fara ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, Allah Ya tsare gaba. Na ji sanyi a raina, har na saki jiki. Sai na ce Baffa, ya Fure, ya sauran shanun, sun isa lafiya?

 Cikin muryar nan tasa ta kasuwa, wadda na sha jin yana yi wa dillalai da baƙi, ya ce mini shanun mi, ai sun ƙare.

Ki gaida Inna, ki sumbaci Ni'ima. Sai Allah Ya haɗa fuskokinmu.

Mijinki,
Kalilu.